Mabuɗin Zauren Ƙofa Biyu

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Ni, Adélard Brodeur, ɗan shekara sittin da huɗu, haifaffen Sainte-Alphonsine, mai riƙe da mabuɗin Zaure, na fara wannan rubutu da hannuna, ba tare da taimakon kowa ba. Malama Ghislaine ta ce wanda ya koyi rubutu da girma, idan bai riƙa yi kullum ba, hannu zai manta. Wannan shi ne dalili. Ba don wani abu ya faru jiya ba.

Saboda jikokin ƙanwata Huguette, waɗanda wata rana za su nemi sanin ko ni wane ne, ya dace in faɗi abin da nake riƙe wa mabuɗi. An gina Zaure bara waccan a filin da ke tsakanin titin garinmu da tsohon otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka. Ƙofa biyu gare shi, ta yamma tana duban gari, ta gabas tana duban otal, girmansu ɗaya, kuma mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Matar da ta zana ginin ta gaya mini da bakinta cewa da gangan ta hana shi gaba da baya. Murhu yana tsakiya don kada wani ya ce nasa ne. Babu kujera ko ɗaya, sai dogayen benci da tebur guda, saboda duk wanda ya zauna dole ya zauna kusa da wani. A kan wannan tebur na koyi rubuta sunana, a aji ɗaya da baƙin da ke koyon Faransanci.

Yau na buɗe ƙofofin biyu kamar kullum. Na wanke man shanun da ya zube a ƙasa. Ya yi yawa.

Goshina ya ɗan kumbura ta hagu, amma bai kai a rubuta shi ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da tsakar rana

Babu wanda ya shigo, ko ta gabas ko ta yamma. Yanayi na da kyau ƙwarai.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Huguette ta kawo mini miya. Tun daga bakin ƙofa ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Masara. Ina sarauniyar taka? Ko har yanzu tana neman wata zangarniyar?"

Na amsa mata cikin natsuwa cewa ni al'ada na bi. Tun kakanninmu, a bikin ɓare masara ana ɓoye jar masara biyu, ɗaya a buhunan maza, ɗaya a na mata. Namijin da ya samu shi ne sarki, macen da ta samu ita ce sarauniya, kuma sarki yakan gaishe da sarauniya ta hanyar da kowa ya sani. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Ta ce, "Wa ya ɓoye masarar a buhu?"

Na ce wanda aka ɗora wa shirya biki.

"To wa ya samu ta maza?"

Na ce rabo ba ya wuce mai shi.

"Ikon Allah! Ta matan kuma ta tsallake duk matan gari ta faɗa buhun da ka ajiye gaban Madam Awadiya da hannunka. Adélard, shekara sittin da huɗu ba ka taɓa kai bakinka kumatun kowa ba sai na mahaifiyarmu, ka rasa inda za ka fara sai matar da ta lulluɓe tun daga kai har ƙafa?"

Ban ga amfanin ci gaba da wannan zance ba. Miyar ta yi gishiri.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan aji

Aji ya zauna, ni da Malama Ghislaine. Na zo na ɗaya a shifta.

A da, Madam Awadiya ce ke zama a ƙarshen benci ta wajen taga. Bazawara ce daga Sudan, mai sayar da shayi ce a can kafin yaƙi ya taso ta. Takan dafa wa aji shayi da citta da kirfa a wata 'yar butar jan ƙarfe da ta taho da ita. Butar tana nan a kan kantar Zaure, ba ta zo ta ɗauka ba. Na goge ta, domin kula da kayan da ke cikin ginin yana cikin aikina.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Na je kanti sayen sabulu, na tarar gari ya ɗauke ni jarumi. Wannan ya faranta mini rai na ɗan lokaci. Mai kanti ya ce, "Mun ba su gida, mun ba su murhu, sai su rotse mana kan tsoho a kan wasa?" Wani ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka Zaure ba. Matar magajin gari tana can da hannu a rataye a wuya, domin ita ce santsin man shanu ya kwashe lokacin da na yi baya-baya na ci karo da tukunya.

Na tsaya na yi musu jawabi. Na ce ba rotse ba ne, bugu ɗaya ne Madam Awadiya ta yi mini, kuma da masara. Na ce mazan otal da suka miƙe tsaye ba su taɓa kowa ba, namu ma sun miƙe, kuma ɗan sandan da aka kira ya ci masara biyu ya koma. Na ce Zaure ba shi da laifi.

Mai kanti ya ce, "Kash, bugun ya taɓa masa ƙwaƙwalwa." Ya ba ni sabulun kyauta.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Goshina ya yi sauƙi. Daga ja ya koma shuɗi.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Magajin gari Fernand Riendeau ya zo da kansa, tare da wani mutum mai igiyar awo. Suka auna bangon kudu. Fernand ya daɗe yana neman inda zai ajiye motar kwashe dusar ƙanƙara, tun da rufin tsohon gareji ya rufta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bango na gilashi ne, an yi shi ne don rana ta shigo."

Ya ce, "Adélard, bar ni da ranka ya daɗe, tare muka saci tuffa muna yara. An gina wurin nan don a haɗa mutane. Ka haɗa su, mun gani. Ranar tara ga Satumba majalisa za ta kaɗa ƙuri'a. Ginin da babu kowa a ciki, gara mota ta kwana."

Na ce akwai ni a ciki.

Ya ce, "To ai ka ji matsalar."

Bayan sun tafi na share inda suka taka. Na goge butar.

Talata, 26 ga Agusta, da tsakar rana

Babu kowa.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Ƙofar gabas ta yi ƙara yau, na miƙe da sauri. Ashe Kabasele ne, telan nan ɗan Kwango da muke zama benci ɗaya a aji. Ya leƙo kamar ɓarawon kaza, da wando a hannu.

"Papa Adélard, Mai Martaba, kada ka gaya wa kowa ka gan ni. Dutsen guga na zo aro. Kwamitin otal ya ce duk wanda ya shigo nan ba za a ƙara gaishe shi ba."

Na tambaye shi yaushe otal ya yi kwamiti.

"Ranar da ka zama sarki. Mutanen ƙasa bakwai da ba su taɓa yarda da juna a kan ko tashar talabijin ba, ka haɗa kansu cikin minti ɗaya. Ai lambar yabo ta kamace ka."

Na yi masa bayanin al'ada tun daga tushe. Ya saurara yana guga. Da na gama ya ce, "Papa, a Kinshasa da dariya za a yi, har a ce ka ƙara a ɗaya kumatun. Amma ita ba 'yar Kinshasa ba ce. Tun da mijinta ya rasu ko hannu ba ta ba wa namiji. Ba ka lura ba? Wata nawa kana karɓar shayi a hannunta?"

Na lura cewa takan dafa ƙirjinta idan za ta gaishe ni. Na ɗauka alama ce ta musamman gare ni. Ban gaya wa Kabasele wannan ba.

Na gaya masa maganar motar ƙanƙara. Ya ajiye dutsen guga, dariya ta ɗauke masa. A ɗakunan otal an hana girki. Murhun Zaure ne kaɗai suke da shi.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ni al'ada na bi.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan coci

Na zaga ta bayan otal, domin duba ko ciyawa ta taso a jikin bangon gabas. Daga nesa na hango Madam Awadiya tsugune a bayan kwandunan shara, tana kare wani ɗan murhun gas da gefen mayafinta saboda iska. A gwangwanin tumatir take dafa shayi.

Ciyawar ba ta taso ba. Na dawo gida ban ci abinci ba. Huguette ta ce ko zazzaɓi ne, na ce nazari nake yi.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Na shirya jawabi mai sassa uku. Sashe na farko tarihin al'ada. Sashe na biyu matsayina a garin nan. Sashe na uku ban gama ba.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Zan rubuta wannan a tsanake, domin rana ce ta tarihi.

Na sa rigata ta zuwa jana'iza. Na naɗe butar a tawul mai tsabta, na fita ta ƙofar gabas. Shekara biyu ina buɗe ta, ban taɓa bi ta cikinta na tsallaka filin ba sai yau. Maza suna zaune a matakalar otal. Kabasele ya ɗaga kai sama yana kallon tsuntsayen da babu su.

Madam Awadiya ta buɗe ƙofar ɗakinta kaɗan. Na ja da baya taku biyu, na sa hannu a ƙirjina kamar yadda take yi, na ajiye butar a ƙasa tsakaninmu. Na buɗe baki don in fara sashe na farko, sai ya gudu. Na biyu ma ya bi shi. Abin da ya fito gajere ne ƙwarai, kuma ba ya cikin abin da na shirya. Ba sai na maimaita shi a nan ba.

Ta ɗauki butar ta jujjuya ta. Faransancinta a hankali yake tafiya, amma ba ya ɓata hanya.

"Wa ya goge ta haka? Ka kusa huda ta."

Na ce aikin ofis ne.

"Malam Adélard, a garinmu wanda ya yi abin da ka yi, ba ya sake bi ta unguwar."

Na ce a nan fa?

"A nan na ga har mabuɗi ake ba shi." Ta dubi goshina. "Da ka tambaya."

Na tattara ƙarfin halina na ce, da na tambaya, da kin yarda?

"A'a. Amma da goshinka ya huta."

Wani ya yi dariya a matakala, sai sauran suka biyo. Ita ba ta yi ba, amma na ga gefen bakinta, kuma ni shaida ne mai gaskiya.

Sannan ta ce, "Da gaske mota za a sa inda nake girki?"

Na ce sai dai idan majalisa ta ga mutane a ciki. Na ce mutanen gari ba za su zo ba ko an gayyace su, na san su, taurin kai gare su kamar tushen itace.

Ta ce, "Wa ya ce gayyata? Ta wace hanya suke bi zuwa majalisar?"

Na ce titi ɗaya ne a garin.

Ta ce, "Madalla."

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi

Ga abin da ta bayyana mini ta bakin ƙofa. A ƙauyukansu, a watan azumi, idan rana ta kusa faɗuwa, maza sukan fito su tare babban titi da rawani. Duk motar da ta zo sai ta tsaya, direba da fasinja su sauko su ci abinci, ko sun so ko ba su so ba. Wanda ya wuce bai ci ba ya ci mutuncin gari.

Na nuna mata cewa yanzu ba azumi ba ne, kuma tare titi ya saɓa doka. Ta ce, "Kai ka bi al'adarku ba ka tambaye ni ba. Yanzu layina ne."

An ba ni babban muƙami a wannan shiri, wato tsayawa a tsakiyar titi. An kuma ba ni yankan albasa.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Albasa. Idanuna sun yi ja, amma murhu ya kunnu karo na farko tun ranar da ba na ambata.

Huguette ta shigo ta ƙofar yamma da tukunyar wakenta, ta ce ta zo ne ta ga ko za a ƙara mini a goshin dama. Ta tsaya gaban Madam Awadiya ta ce, "Ke ce? Tun ina 'yar shekara biyar nake son in yi abin da kika yi." Kafin rana ta faɗi suna gardama a kan yawan gishiri kamar 'yan uwa ɗaya. Ni ba a nemi ra'ayina ba.

Talata, 9 ga Satumba, da tsakar rana

Na goge allon tsayar da mota sau uku. Ƙura ce.

Laraba, 10 ga Satumba, da safe

Jiya, rana na shirin faɗuwa na sa rigata mai ƙyalli ta tsallakar da 'yan makaranta, na ɗauki allon tsayar da mota. Wasu maza biyu 'yan Sudan suka warware farin rawani daga wannan gefen titi zuwa wancan. Kabasele ya sa kwat mai ruwan ɗorawa, ya naɗa kansa mai buɗe ƙofar mota.

Motar farko ta mai kai wasiƙu ce, ba ta cikin lissafi, amma Madam Awadiya ta ce titi ba ya zaɓe. Aka shigar da shi. Sai 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Mai kanti, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya ce sace mutane ne wannan, ya faɗi haka har sau uku, na ukun da cokali a bakinsa.

Fernand ne ya zo ƙarshe, matarsa a gefe. Ya danna ham ya leƙo.

"Adélard! Ka haukace ne? Kauce ko in bi ta kanka!"

Na ɗaga allo na ce, "Ranka ya daɗe, ba a wucewa sai an ci."

"Wace doka ce ta ce haka?"

Na ce al'ada ce. Ya ce ya ƙoshi da al'aduna har wuya. Na ce wannan ba tawa ba ce. Ban matsa ba, kuma ina so jikokin Huguette su san haka. Muna cikin wannan sai Madam Awadiya ta fito, ta wuce ni, ta wuce Fernand, ta je tagar matarsa. Ta dubi hannun da ke rataye ta ce, "Saboda ni ne wannan. Zo in ba ki a baki." Matar ta ce, "Ba saboda ke ba ne, saboda wancan sakaran ne," ta buɗe ƙofa ta fita. Fernand ya zauna shi kaɗai a mota yana huci. Daga baya ya kashe ta ya biyo su, domin abincin darensa ya riga ya shiga ciki.

Babu kujera a Zaure, saboda haka magajin gari ya zauna tsakanin Kabasele da wani tsoho ɗan Haiti. An ci tuwon asida da miyar kuɓewa, da miyar ganyen rogo, da waken Huguette, da kek ɗin tuffa wanda ban san wanda ya kawo ba. Mutanen gari da suka ji hayaniya suka fito don su ga faɗa, ba su samu ba, sai suka zauna. Fernand ya koya wa ɗan Haitin yadda ake kunna motar ƙanƙara, da cokali da gishiri a kan tebur.

Majalisa ta zauna a makare, tana ƙamshin citta. Huɗu suka ce Zaure ya tsaya, biyu suka ce mota. Zaure ya tsaya.

An haɗa da wani ɗan sharaɗi wanda mai kanti ya kawo, kuma duk suka ɗaga hannu, har Huguette da ba 'yar majalisa ba. Ya shafi wanda ya dace ya riƙe wani abu. Ba zan tsawaita ba. Aljihuna na dama ya yi sauƙi. Na miƙa da kaina, a gaban jama'a, ta hanyar ajiyewa a kan tebur, Madam Awadiya kuma ta ɗauka daga nan. Mutane sun ce na yi abin da kyau. Ni ma na ga haka.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Na farka a lokacin da na saba. Na isa ƙofar yamma, na sa hannu a aljihu, sannan na tuna. Na tsaya. Raɓa ta jiƙa mini takalmi. Mai kai wasiƙu ya wuce ya ɗaga mini hannu, na yi kamar ina duba ƙusoshin bango.

Sabuwar mai riƙe da mabuɗi ta makara, kuma zan jawo hankalinta a kan haka idan lokacin ya dace. Ta gilashi na ga ta tsallako filin ba ta ko sauri. Ta buɗe ta gabas, ta ɗora buta a wuta, ta ratsa ɗakin ta gefen tebur, ta zare sakatar tawa ƙofar.

Ta ce, "Malam Adélard, tun yaushe kake nan?"

Na ce yanzu na zo.

Ta dubi takalmina. "Shigo. Tsintsiya tana inda ka bar ta. Shayi kuma sai ka tambaya."

Shekara biyu ina shiga ginin nan, ba a taɓa buɗe mini shi daga ciki ba.

Na tambaya.